Makullin Difarenshal Mai Kulle Kansa: Inda Yake Fitar da Mota Daga Taɓo, da Inda Yake Jefa Ta Rami

 Duk wanda ya taɓa tura mota a watan Agusta ya san wannan abin haushin: taya ɗaya ta baya tana ta juyawa tana watsa wa masu turi taɓo, ɗayar kuma tana zaune a kan ƙasa mai ƙarfi, ko motsi ba ta yi. Injin lafiyarsa ƙalau, mai yana ƙonewa, takin da aka ɗauko yana jiran hadarin da ya haɗo, amma mota ta kafe. Masu sayar da mota sun san wannan ciwon, shi ya sa za ka ji ɗayansu yana cewa, "Alhaji, wannan tana da loka, ba ta kafewa." Kafin ka ƙara masa kuɗi a kan wannan magana, ya kamata ka san mene ne lokar, wace iri ce, da kuma halin da take jefa direba a kan hanya mai santsi.

Laifin ba na taya ba ne

Ka durƙusa ka leƙa ƙarƙashin a-kori-kura ta baya. Za ka ga wani ƙullutun ƙarfe kamar kabewa a tsakiyar aksul, inda farfela ta shiga. A cikinsa difarenshal yake. Aikinsa shi ne ya raba ƙarfin injin tsakanin tayoyin biyu, ya kuma ƙyale kowace ta yi gudun da ya dace da ita. Dole ne a yi hakan, domin a kwana tayar waje ta fi ta ciki tafiya. Tsakanin tayoyin Hilux akwai kimanin mita ɗaya da rabi. Idan ka karya kwana irin ta mahaɗar hanya, tayar waje za ta fi ta ciki tafiya da fiye da mita 2, idan kuma ka yi cikakken zagaye bambancin ya haura mita 9. Da an haɗe tayoyin da sandar ƙarfe guda, dole ɗaya ta riƙa jan ƙasa tana kartar kwalta.

Matsalar ita ce difarenshal na gama-gari, wanda ake kira buɗaɗɗe, ba ya iya bai wa taya ɗaya ƙarfin da ya fi na 'yar uwarta. Kullum rabon daidai yake. To idan tayar hagu ta faɗa cikin laka, ɗan ƙarfi kaɗan ya isa ya juya ta, kuma wannan ɗan kaɗan ɗin shi ne tayar dama za ta samu, ko da a kan dutse take. Mai noman rani zai fi kowa ganewa: ka saki ruwa a kwami biyu, kunyar ɗaya ta fashe, ruwan duk sai ya bi ta wajen fashewar. Ƙara wa injin ban-ruwa wuta ba zai cika ɗaya kwamin ba. Haka taka totur yake ga motar da ta kafe, ramin kawai kake ƙara wa zurfi.

Wani zai ce ai motarsu mai jan taya huɗu ce, an rubuta 4WD a jikinta. Wannan ya taimaka, amma bai kashe maganar ba. Giyar 4H ko 4L tana haɗa gaba da baya ne kawai. Idan difarenshal na gaba da na baya duk buɗaɗɗu ne, sai ka ga tayar gaba ta dama da ta baya ta hagu suna juyawa a banza, mota na tsaye. Wannan yakan faru a wajen tsallaka kwazazzabo a karkace, inda nauyi ke sauka daga kan tayoyi biyu. Haka maɓallin kulle difarenshal na tsakiya da ke cikin Prado da wasu Land Cruiser, shi ma gaba da baya yake haɗawa, ba hagu da dama ba.

Makulli, ko loka, shi ne abin da ke haɗe tayar hagu da ta dama su juya tare, ta yadda wadda ta samu ƙasa mai kyau za ta iya ɗaukar aikin duka. Akwai wanda direba ke kunnawa da kansa, da maɓalli ko da iska ko da feda. Akwai kuma wanda ke kulle kansa ba tare da ya tambayi kowa ba. A kan wannan na biyun muke magana, kuma shi ma iri biyu ne masu hali daban.

Mai haƙora: a kulle yake, kwana ce ke buɗe shi

Wanda ya fi suna a wannan gida shi ne Detroit Locker, wanda a manyan motoci da injinan aiki ake kira NoSPIN. Tsohon abu ne, tun yaƙin duniya na biyu motocin sojan Amurka suka yi aiki da shi, yanzu kuma kamfanin Eaton ne ke yin sa. Akwai ƙanana masu sauƙin kuɗi irin su Lock-Right da Aussie Locker, waɗanda bakanike ke cire ƙananan giyoyin cikin difarenshal ya saka su a gurbinsu.

Shi wannan a kulle yake zama. Haƙoran ƙarfe ne suka cije juna, sifirin na danne su. Dokarsa guda ce: taya na iya gudu fiye da yadda injin ke juya ta, amma ba za ta yi ƙasa da haka ba. Idan ka shiga kwana a hankali, ƙasa ce ke jan tayar waje ta yi sauri, sai haƙoran ɓangarenta su saki, su riƙa tsallake juna. Nan ne za ka ji ƙas-ƙas-ƙas daga baya. Ba lalacewa ba ce, wanda ya sayi rariya ai ya san za ta zubar da ruwa. Da ka miƙe, su sake cijewa, wani lokaci da ƙara "gau!" har fasinja ya ɗauka wani abu ya karye.

Lura da abin da wannan ke nufi. A cikin kwana tayar ciki kaɗai ke tura mota. Idan direba ya danna totur a tsakiyar kwanar, tayar cikin ta zame ta kamo gudun ta waje, sai makullin ya cije nan take, motar ta nemi miƙewa alhali sitiyari na karye. Idan ya ɗaga ƙafa kwatsam, ta sake fizga ta wani gefen. Doguwar mota mai kaya tana haɗiye wannan fizgar, amma gajeriya marar kaya tana jin ta sosai. Sannan wannan makulli ba ya shiri da tayoyi masu bambancin girma. Mu kuma nan an saba, taya ɗaya sabuwa, ɗaya 'yar gwanjo da ta sha hanya, iskar ma ba a auna ba. A buɗaɗɗen difarenshal ba za ka lura ba. A mai haƙora kuwa motar za ta riƙa ja gefe guda, makullin na saki yana kamawa a miƙaƙƙiyar hanya, tayoyin na cinyewa.

Inda yake da daɗi fa, babu kamarsa. Ko taya ɗaya ta tashi sama gaba ɗaya, ɗayar za ta ja motar. Ba waya, ba maɓalli, ba abin da ruwa zai shiga ya kashe. A yashin Yusufari ko Machina, ko hanyoyin ƙauyukan Damagaram inda kwalta ba ta da yawa, wannan abin so ne.

Mai gwamna: a buɗe yake, santsi ne ke kulle shi

Na biyun shi ne wanda za ka fi cin karo da shi ba ka sani ba, domin daga masana'anta yake zuwa a cikin motocin Amurka irin su Chevrolet Silverado, GMC Sierra, Tahoe da Suburban. Shi ma Eaton ke yi, kuma kamfanin General Motors na yi masa lamba G80. A yawancin tsofaffin motocin za ka ga wata takarda manne a cikin aljihun gaban fasinja, cike da lambobi masu harafi uku-uku. Idan ka ga G80 a cikinsu, motar ta fito da shi.

Shi a tafiyar yau da kullum kamar buɗaɗɗe yake, ba ƙara, ba fizga. A cikinsa akwai wani ɗan ƙaramin gwamna mai fikafikan ƙarfe. Idan taya ɗaya ta fi ɗayar gudu da kimanin juyi 100 zuwa 120 a minti, fikafikan sai su buɗe su kama wata ƙugiya, wannan ya sa wani faranti mai tudu-tudu ya matse faifan kuloci, tayoyin biyu su haɗe. Kuma an yi masa dabara: idan gudun mota ya wuce kimanin kilomita 30 a awa, ƙugiyar na janyewa, ba zai kulle ba. Wato an yi shi ne domin fita daga inda aka maƙale, ba domin gudu ba.

Rauninsa a ƙafar direba yake. Tunda sai taya ta zame yake kamawa, wanda ya danna totur har ƙasa zai sa ya cije lokacin da tayar ke gudun tsiya, ga buhuna a baya. Wannan bugun kan fasa kayan cikinsa, har masu motocin a can Amurka suna yi masa kirarin bam. Yadda ake yi shi ne ka taka a hankali, ka bar tayar ta ɗan juya, za ka ji ya kama, sannan ka ƙara wuta kaɗan-kaɗan.

Abin da masu tuƙi a kan ƙanƙara suka riga mu sani

Mu ba mu da dusar ƙanƙara, amma yawancin gardamar da ake yi a kan waɗannan makullai daga ƙasashen ƙanƙara ta fito, wato Kanada da jihohin arewacin Amurka irin su Mishigan da Minesota, inda ake shafe watanni hanya na daskare. Kuma abin da suka gano ya shafe mu kai tsaye.

Idan dusar ta yi zurfi, sabuwa ce mai laushi, ko kuma taya ɗaya na kan ƙanƙara ɗaya na kan kwalta, makulli na fitar da mota. A kan wannan ba su da saɓani. Rigimar tana kan hanyar da ta daskare gaba ɗaya ta zama kamar gilashi, tayoyin biyu duk a kan santsi.

Ga dalilin. Taya ba tura mota gaba kawai take yi ba, ita ce kuma ke riƙe ta kada ta zame gefe. Tayar da ke juyawa a banza ta rasa wannan riƙon kusan duka. A buɗaɗɗen difarenshal, idan ɗaya ta zame, ɗayar da ba ta juyawa tana nan dafe da ƙasa kamar turke, tana riƙe da bayan motar. Ba ka tafiya gaba, amma kana nan inda kake. Da makulli kuwa, tayoyin biyu ne za su zame tare, turken ya tafi. Hanya kuma ba a shimfiɗe take ba, ana yin ta da ɗan tudu a tsakiya domin ruwa ya gangara. Sai bayan motar ya bi gangaren a hankali, ya nufi rami ko ya juyo cikin hannun masu tahowa. Shi ya sa da yawa daga cikin direbobin can ba sa son mai haƙora a motar da suke hawa kullum lokacin sanyi, kuma suke gargaɗi a kan saka shi a aksul ɗin gaba: idan tayoyin gaba suka cije a kan santsi, ka juya sitiyari yadda kake so, motar gaba za ta miƙe.

To cire ƙanƙara ka sa laka. Baƙar ƙasar firgi ta wajen Dikwa da Marte idan ta sha ruwa, ko jar ƙasar burji da aka yi wa yayyafi bayan ta daɗe a bushe, ko lakar fadamar Haɗeja, santsinsu ba ya da nisa da wancan. Wurin da ya fi ba ni tsoro shi ne hanyoyin da ke bin gefen kanal a wuraren noman rani irin Kadawa da Bakolori: hanya siririya, a ɗage, ruwa a gefe ɗaya, gonar shinkafa a ɗaya gefen. Motar da ta kafe a nan, za a kira matasa a tura, a yi asarar yini. Motar da bayanta ya zame gefe da buhu goma a kai, da yara masu lodi a saman buhunan, wannan ba maganar yini ake yi ba. Kuma makulli mai kulle kansa ba ya ganin kanal. Santsi kawai ya sani.

Idan ka ji bayan mota ya fara tafiya gefe, ɗaga ƙafa daga totur a hankali, kada ka daki birki, ka juya sitiyari ɓangaren da bayan ya nufa. Da tayoyin sun daina juyawa a banza riƙonsu zai dawo. A irin wannan hanya a sauke mutane su taka da ƙafa har a wuce wurin.

Wani abin da mutanen ƙanƙara suka yarda da shi kuma shi ne taya ta fi makulli. Suna sauya tayoyi idan sanyi ya shigo, suna ɗaura sarƙa, suna aza buhunan yashi a bayan a-kori-kura domin tayoyin baya su danne ƙasa. Makulli ba ya ƙirƙiro riƙo, wanda ke akwai yake amfani da shi. Tayoyi biyu da suka suɗe kamar tafin hannu, ko ka kulle su, suɗaɗɗu ne. Sarƙar nan ma tana aiki a laka.

Af, tunda ana maganar motocin can: gishiri suke zubawa a hanya domin narkar da ƙanƙara, gishirin kuma na cin ƙarfe. Idan motar da aka kawo muku daga Kwatano ko Legas ta fito daga waɗannan jihohi, a shiga ƙarƙashinta da tocila a duba tsatsa a jikin shasi da bututun birki, kada a tsaya kallon fenti.

Kafin ƙungiya ta biya

Kalmar "loka" a bakin dillali tana iya nufin abu huɗu ko biyar. Wata motar mai rage zamewa ce kawai take da shi, wanda ake rubuta wa LSD, yana taimakawa amma ba ya kullewa gaba ɗaya. Wasu motocin Toyota suna da maɓalli mai rubutun AUTO LSD, wanda birki ne kwamfutar motar ke ɗan matsa wa tayar da ke zamewa, babu wani makulli a cikin aksul. Yana aiki daidai gwargwado, amma kada a saya da kuɗin makulli.

Ku je da bakanikenku. A sa mota a fili mai ƙarfi, a kashe injin, a tare tayoyin gaba da dutse, a ɗaga bayan duka biyu a ɗora a kan abin tokare mai ƙarfi, ba jak kaɗai ba. A cire giya, a juya taya ɗaya da hannu. Idan ɗayar ta juya baya, galibi buɗaɗɗe ne, amma G80 ma haka yake yi idan an juya a hankali, don haka sai an haɗa da duba lambar. Idan suka juya tare ɓangare guda, ko mai rage zamewa ne mai kuloci, ko mai haƙora. Sai a sauke a zagaya da ita a fili, a karya kwana sosai a hankali, gilashi a sauke: mai haƙora zai faɗi sunansa da kansa.

A gaya wa duk mai faci da duk yaron gareji: motar da ke da makulli ko mai rage zamewa, ba a ɗaga taya ɗaya a tada injin a sa giya. Tayar da ke ƙasa za ta ja, motar ta sauko daga kan jak a kan wanda ke kusa.

Ni dai a ganina, motar ƙungiya da yau wannan ya tuƙa gobe wancan, wadda rabin tafiyarta a kan kwalta ne zuwa Dawanau ko wata kasuwar hatsi, ba ta dace da mai haƙora ba. Direban da bai san halinsa ba zai gamu da shi ne a kwana, cikin ruwan sama. Gara wanda ake kunnawa da maɓalli, irin wanda ke zuwa a wasu Hilux da Land Cruiser, ko na iska irin ARB na ƙasar Ostareliya, a koya wa direba ɗaya ko biyu: a tsaya a kunna kafin a shiga wurin, a wuce da tafiyar da ba ta fi ta mai sassarfa ba, a kashe da an fita. Idan motar ta zo da G80, a bar shi, ya wadatar wa hanyar gona. Mai haƙora sai motar da rayuwarta duk a daji da yashi take, mai direba guda, kuma a baya kaɗai.

A tuna da lodi. A-kori-kura irin Hilux kimanin tan ɗaya aka yi ta ta ɗauka, har da direba da fasinja, wato bai kai buhu 20 na taki mai kilo 50 ba. Na san ba a tsayawa a nan. Amma idan aksul ya kulle, taya ɗaya ta tashi, ƙarfin injin duka a kan shaf ɗaya yake sauka, ga lodin da ya wuce ƙa'ida, ga giyar 4L da ke ninka ƙarfin. Shaf ɗin da ya karye a fadama ya fi kafewa tsada nesa ba kusa ba. Sauke buhu biyar a wuce a dawo a ɗauka ba abin kunya ba ne. Shebur, katako biyu masu kauri, igiyar ja da famfon iska kuwa, kuɗinsu duka bai kai na makulli ba. A yashi, rage iskar taya kaɗai kan fitar da mota, in dai za a mayar da iskar kafin a hau kwalta.

Masu tarakta, ku kuna da makulli tun tuni, wasu ba su ma san shi ba. A Massey Ferguson irin 375 da ire-irenta, feda ce ƙarama a wajen diddigen ƙafar dama. Idan taya ɗaya ta fara zamewa a cikin kunya lokacin huɗa, taka kuloci tukuna tayar ta tsaya, sannan ka danna fedar ka saki kuloci a hankali. Kada ka danna ta taya na tsakiyar gudu. Kafin ka kai ƙarshen gona ka ɗaga ƙafa, ka tabbata ta saki, idan ta ƙi ka ɗan taɓa birkin gefe ɗaya ko kuloci. Taraktar da makullinta ke cije ba ta karya kwana, gonar maƙwabci za ta shiga.

Idan damina ta wuce, duk motar da ta riƙa ratsa ruwa a kwance mata murfin man difarenshal a duba. Akwai ɗan bututun numfashi a saman aksul, kuma idan ƙarfe mai zafi ya shiga ruwan sanyi yakan zuƙo ruwa ta nan. Man da ya koma fari-fari kamar kunun gyaɗa ruwa ya shiga, a zubar a sa sabo. A sa irin wanda littafin motar ya ce, domin mai rage zamewa mai kuloci yana da nasa man na musamman, kuma ba kowane man giya da ke cikin jarka a bakin tasha ne ya dace da shi ba.